Da wane ma'auni ake gane wanda zai iya kayar da shugaba mai ci?

Alhaji Sani Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda 'yan'uwanmu na Najeriya suka fara kaɗa gangar 2027, duk inda ka zauna a Alabar ko Aboabo maganar ɗaya ce: wannan ya ce Atiku, wancan ya ce Obi, wani ya ce sai Kwankwaso. Ni ba suna nake so mu yi gardama a kai ba. Tambayata ita ce, da wane ma'auni jam'iyyar adawa za ta gane wanda zai iya kayar da shugaban da ke kan kujera? Mu nan Gana bayan zaɓen 1992 an gwada sau biyar: 1996, 2004, 2012, 2016 da 2020. Sau ɗaya rak aka ci, a 2016. Sauran canjin gwamnati, na 2000 da 2008 da 2024, duk kujera ce da mai ita ya gama wa'adinsa. Na 2028 ma haka zai kasance, domin tsarin mulki bai ba Mahama damar sake tsayawa ba. To me aka yi daidai a 2016?

Awudu Sawaba: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai amsar a fili take. A bar daliget su zaɓa, wanda ya fi ƙuri'a shi ne mai ƙarfi. Nana Akufo-Addo ya samu sama da kashi 94 a zaɓen fidda gwani na NPP a Oktoba 2014, bayan shekara biyu ya kayar da Mahama.

Malam Issaka: Awudu ƙanena, Mahama ma ya samu kashi 95 a na NDC a Fabrairu 2019, ya zo ya faɗi a 2020. Ƙuri'ar daliget tana nuna maka wanda ke riƙe da jam'iyya ne, ba wanda ƙasa ke so ba. Su wane ne daliget? A NPP, a fidda gwanin 2023, shugabannin rumfar zaɓe ne, mutum biyar a kowace rumfa, sai na unguwa da na mazaɓa da na yanki. A NDC mutum tara ne a kowane reshe. Waɗannan ko wa aka tsayar za su dangwala masa a watan Disamba. Mutumin da ke yanke hukunci shi ne direban motar haya ta trotro a Kasoa da mai kifi a Elmina da malamar makaranta a Sunyani, waɗanda ba su da katin kowa. Kuma su ba a tambayarsu ranar fidda gwani.

Alhaji, in ana son fahimtar 2016, a ajiye kashi cikin ɗari tukuna, a duba ɗanyen adadi. A 2012 Mahama ya samu wajen miliyan 5.57, Nana miliyan 5.25. A 2016 Mahama ya sauko zuwa miliyan 4.7 da 'yan kai, Nana ya hau miliyan 5.7. Wato abin da Mahama ya rasa ya fi abin da Nana ya ƙara. Fitowar masu zaɓe ta faɗo daga kusan kashi 80 zuwa ƙasa da 70. A yankin Bolta kaɗai, wanda gidan NDC ne, ƙuri'arta ta ragu da kusan 100,000, kuma ba NPP suka koma ba, a gida suka zauna. Irin wannan ne ya maimaitu a 2024 ta ɗaya ɓangaren: NPP ta zubar da kusan miliyan biyu daga abin da ta samu a 2020, ƙarin da Mahama ya yi kuwa bai kai rabin miliyan ba.

Abin da nake karantawa a nan: gwamnati mai ci tana faɗuwa ne idan mutanenta suka gaji suka ƙi fita. Don haka ɗan takarar adawa mafi ƙarfi shi ne wanda nasa za su fito gaba ɗaya, kuma na gwamnati ba sa jin tsoronsa har su tashi don su tare shi. Idan ka tsayar da wanda sunansa kaɗai ke tada hankalin magoya bayan gwamnati, kai da kanka ka yi musu gangami kyauta.

Hajiya Memuna Tafo: Malam, na yarda da rabin maganarka. Amma kada a mayar da shi kamar Nana ya zauna ne kawai Mahama ya faɗo masa. Dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki na 2014 da 2015, ya cinye masu walda da masu injin niƙa da masu sayar da ruwan sanyi, gwamnati ta je wajen IMF a 2015, an soke alawus ɗin ɗaliban koyon malanta da na aikin jinya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai shi ɗan adawa ya zo da abin da mace a kasuwar Kejetia za ta iya maimaitawa ba tare da an fassara mata ba: sakandare kyauta, kowace gunduma masana'anta ɗaya, a dawo da alawus. A 2012 yanki biyu kawai ya ci cikin goma, Asante da Gabas. A 2016 ya ci shida, har da Babbar Ankara (Accra) da Tsakiya da Yamma da Brong Ahafo. Zaman gida na Bolta ba zai ba ka Cape Coast da Takoradi ba. In za a auna ɗan takara, a tambaye shi alkawari uku da zai faɗa cikin numfashi ɗaya, da kuɗin kowanne, da inda kuɗin zai fito. Wanda ya fara lissafo shafi ɗari na manufofi, a ba shi minista, kada a ba shi tuta.

Alhaji Sani Aboabo: Madalla. To a aikace fa? A ce kai ne sakataren jam'iyya, mutum shida sun sayi fom. Me za ka yi kafin a kai ga daliget?

Malam Issaka: Abu na farko shi ne taswira, ba ɗan takara ba. Ka ɗauko sakamakon zaɓe biyu na baya, rumfa-rumfa, ba mazaɓa-mazaɓa ba. Rumfunan sun haura 40,000 a 2024, mazaɓu 276. Ka raba su gida uku: naku, nasu, da masu juyawa, wato inda tazara ba ta wuce kashi biyar ba ko inda suka taɓa canza hannu. Daga nan ka fitar da adadin da kake bukata ka haye rabi, domin a nan Gana sai ka wuce kashi 50, in ba haka ba a koma zagaye na biyu cikin kwana 21.

Sai ka tambayi kanka daga ina wannan adadi zai fito. Misali NDC ba ta bukatar cin Asante, gidan NPP, tana bukatar rage asara ne. Lokacin da ta samu wajen kashi 28 a nan a 2012 ta ci ƙasa. Da ta sauko 23 a 2016 ta faɗi. A 2020 ta tsaya wajen 26, ba ta kai ba. A 2024 ta haura 30. Kashi biyar a Asante ya fi yawan duk ƙuri'un wasu ƙananan mazaɓu da dama a haɗe. Saboda haka kowane mai neman tuta a auna shi da tambaya ɗaya: nawa zai tsakuro daga gidan abokin hamayya?

Na biyu, jin ra'ayin jama'a. Amma jam'iyya ce za ta biya, ba ɗan takara ba, domin wanda ya biya shi ke zuwa na ɗaya. A tambayi waɗanda ba 'yan jam'iyya ba, a rumfunan masu juyawa, a gwada kowane mutum shi da shugaba mai ci, ɗaya bayan ɗaya. Kuma a saka tambayar da 'yan siyasa ba sa son ji: "Wane ne ba za ka taɓa zaɓa ba ko me ya faru?" Wanda mutum arba'in cikin ɗari suka ce ba za su taɓa zaɓarsa ba, rufinsa a ƙasa yake komai cikar taronsa. Inda ake yawan yin kuskure shi ne a yi ta waya kaɗai. Za ka samu samarin birni, ka rasa tsofaffi da matan ƙauye, alhali su ne ke kama layi tun asuba.

Na uku, tantancewa ta gaske. Ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 40, takardun haraji, shari'o'in da ke kotu, da batun fasfo biyu. Kowa ya ga yadda maganar fasfon Kanada ta ja ɗan majalisar Assin North har Kotun Ƙoli da sabon zaɓe a 2023. Gwamnati mai ci tana da fayil ɗin kowa. Abin da ku kuka rufe wa ido a ɗakin tantancewa, su za su buɗe shi saura wata biyu zaɓe, lokacin da ba halin canza mutum.

Rabi Asawase: A ƙara da fom ɗin hukumar zaɓe. Ana bukatar mutum biyu masu rajista daga kowace gunduma su sa hannu. A 2016 hukumar ta cire 'yan takara sama da goma saboda kurakuran wannan fom, har da Papa Kwesi Nduom na jam'iyyar PPP, sai kotu ce ta dawo da wasunsu. Mutum ɗaya ya sa wa 'yan takara biyu hannu, ko lambar katinsa ta saɓa, shi ke nan.

Danjuma Alabar: Duk wannan lissafin na masu biro ne. Gaskiyar magana kuɗi ne. Fom da kuɗin tsayawa na NDC a 2023 ya haura sidi 500,000, kafin ka ba daliget ko ɗaya kuɗin mota. Wanda ba shi da shi ko ya fi kowa farin jini ba zai kai ko ɗakin tantancewa ba.

Baba Seidu: Danjuma, ba ka yi ƙarya ba, amma girman taron daliget yana canza yadda kuɗi ke aiki. A Disamba 2007 a Legon, mutum 17 suka nemi tutar NPP a gaban daliget wajen 2,300. Mutum dubu biyu ana iya bin su ɗaki-ɗaki a dare ɗaya. Bayan an faɗi 2008 aka faɗaɗa, a 2010 sama da 100,000 suka yi zaɓen, a 2023 kuwa wajen 200,000. Ba wai an daina rabo ba ne, amma ba wanda zai iya sayen mutum 200,000 da farashin da ake sayen 2,000, kuma ba ka da hanyar sanin wanda ya ci ya juya maka baya. Ku kwatanta da PDP a Mayu 2022: daliget ba su kai 800 ba, Atiku 371, Wike 237. Taro irin wannan gwamnoni ne ke riƙe da shi a aljihu.

Sai dai buɗe ƙofa gaba ɗaya ma da nasa ciwon. NDC ta gwada ba duk mai kati dama a 2015, rajistar ta jawo rigima, aka koma tsarin daliget. In rajistar mambobi ba ta da tsabta, abokin hamayya zai turo mutanensa su zaɓa maka wanda ya fi sauƙin kayarwa.

Awudu Sawaba: To Baba, ai ni ina ganin sabon jini ya fi. Mutum ya faɗi sau biyu, me ya sa za a sake dawo da shi?

Hajiya Memuna Tafo: Awudu, tarihinmu bai goyi bayanka ba. Kufuor ya faɗi 1996 ya ci 2000. Mills ya faɗi 2000 da 2004 ya ci 2008. Nana ya faɗi 2008 da 2012 ya ci 2016. Mahama ya faɗi 2016 da 2020 ya ci 2024. Buhari sau uku ya sha ƙasa kafin 2015. Sa sunan sabon mutum a bakin ɗan ƙauyen Bunkpurugu da na Enchi aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa, shugaba mai ci kuwa kullum yana talabijin ba tare da ya biya ba.

Amma ba kowane mai faɗuwa ake maimaitawa ba. A duba layinsa: hawa yake ko sauka? Mills ya tashi daga kashi 44 da ɗoriya a 2004 zuwa kusan 48 a zagayen farko na 2008. Mahama daga 44 a 2016 zuwa 47 a 2020. Wannan mai hawa ne. Atiku kuwa ya samu miliyan 11 da 'yan kai a 2019, ya dawo ƙasa da miliyan 7 a 2023. Za a ce Obi da Kwankwaso ne suka ɗebe, to ai wannan ɗin ma wani ɓangare ne na ma'aunin: me ya sa suka fita a hannunsa?

Malam Issaka: Hajiya ta taɓo inda ni nake ganin ya fi komai nauyi, wato ranar da ta biyo bayan fidda gwani. Ɗan takarar da ya ci daliget ya rasa na biyu da na uku, ya ci rabin jam'iyya ne. Misalin da tsofaffin Kumasi ba su manta ba shi ne 1979: gidan da NPP ta fito daga cikinsa ya rabu biyu, Victor Owusu da PFP, William Ofori-Atta da UNC, Limann ya wuce ta tsakiya. Na kusa kuma 2023: Alan Kyerematen ya zo na uku a taron manyan daliget na NPP a Agusta, a Satumba ya fice ya ɗauki alamar malam-buɗe-littafi. Ƙuri'ar da ya samu ba ta taka kara ta karya ba, amma ɓarnar ba a ƙuri'arsa take ba, tana cikin waɗanda suka ce "to mu ma mun zauna". Ga kuma 2020, inda aka ɓata wa 'yan majalisa rai a fidda gwani, mutane suka yi siket da bulawus, wato shugaban ƙasa na wannan jam'iyya, ɗan majalisa na waccan, majalisa ta tashi 137 da 137, sai ɗan majalisar Fomena da NPP ta kora ya zama shi ne mai riƙe da makulli.

APC a Disamba 2014 a Legas ta yi abin da ya dace: Buhari 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, kuma ba wanda ya fita. Wannan ba sa'a ba ce. Ana sasanta irin wannan ne kafin a kaɗa ƙuri'a: wa zai jagoranci yaƙin neman zaɓe, daga wane ɓangare mataimaki zai fito, mutanen wanda ya faɗi nawa za su shiga kwamiti, bashin da ya ci wa zai taimaka masa. In aka bari sai bayan sakamako, mai nasara ya riga ya kumbura, wanda ya faɗi kuma gwamnati ta riga ta kira shi a waya.

Danjuma Alabar: Amma Malam, NPP ta dakatar da shugabanta Paul Afoko da babban sakatare Kwabena Agyepong a 2015, gida na ci da wuta, kuma ta ci 2016. Ina haɗin kan?

Malam Issaka: Tambaya mai kyau. An yi rigimar a sama, shekara guda kafin zaɓe, kuma ba wanda ya tafi ya kafa jam'iyya ko ya tsaya takara. Alan, wanda shi ne na biyu, yana kan dandamali tare da Nana. Wannan shi ne amfanin fidda gwani da wuri, wata 26 kafin zaɓe: rauni ya samu lokacin warkewa. Illarsa, ɗan takara zai ciyar da jam'iyya shekara biyu, kowane suna da jana'iza ana jiran ambulan ɗinsa na kuɗi, aljihu na iya bushewa kafin wata ukun ƙarshe da ake bukatar kuɗin.

Alhaji Sani Aboabo: Mu dawo Najeriya kaɗan. Mutane na cewa a haɗa na Atiku miliyan 6.98, na Obi 6.1, na Kwankwaso kusan 1.5, an haura Tinubu da ya samu 8.79 da kusan miliyan 6. Shi ke nan?

Baba Seidu: Alhaji, ƙuri'a ba buhun masara ba ce da za ka sauke daga wannan mota ka ɗora a waccan. Wanda ya zaɓi Obi a Enugu ba lallai ya bi shi in ya zama mataimaki ba, ɗan Kwankwasiyya a Kano ma haka. Abin da ya sa haɗakar 2015 ta yi aiki, ɓangarori biyu ne da ba sa cin ƙuri'ar juna: Buhari na da wajen miliyan 12 a Arewa da ya nuna a 2003 da 2011, ACN na da Kudu maso Yamma, ga gwamnoni biyar da suka bar PDP a Nuwamba 2013. Kuma an yi rajistar jam'iyyar tun Yuli 2013, kusan shekara biyu kafin zaɓe.

Dokar ma daban ce. Can mafi rinjaye ake so, da kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Rabuwar adawa kyauta ce ga mai ci, dole a haɗu kafin zaɓe, kamar yadda 'yan Gambiya suka yi a 2016 suka tsayar da Barrow ya kayar da Jammeh da kashi 43. Mu da Senegal muna da zagaye na biyu, ana iya rabuwa a farko a haɗu daga baya. Macky Sall bai kai kashi 27 ba a zagayen farko na 2012, ya gama da kusan 66 a kan Wade. Kufuor ma a 2000 ƙananan jam'iyyu ne suka ɗaga shi daga 48 zuwa kusan 57. A tsarinmu ana tambaya: wa sauran za su iya bi a zagaye na biyu? A nasu tambayar ita ce: wa zai iya samun rubu'i a jiha 24?

Rabi Asawase: Ba wanda ya yi maganar mataimaki, kuma mu 'yan zango abin ya shafe mu. NPP ta daɗe tana ɗauko Musulmi ɗan Arewa, Aliu Mahama sannan Bawumia, don ta goge tabon korar baƙi ta firaminista Busia a 1969. Ya taimaka a wasu mazaɓun Arewa, amma Asawase na hannun Muntaka na NDC tun 2005, da asusun raya zango da babu. A 2024 da Bawumia ya zama shi ne kan tuta, yanki uku ya ci cikin 16. Addini da ƙabila suna buɗe maka ƙofar gida a saurare ka, farashin gari da mai su ke raka mutum cikin rumfa.

Awudu Sawaba: Yaya Rabi, a bar wannan kada zauren ya kama wuta.

Baba Seidu: Ba wuta, adadi ta kawo. A ci gaba, ban da zagi.

Hajiya Memuna Tafo: Saura abu ɗaya da ba a gani a fosta: wa zai iya tsare ƙuri'ar? Rumfa 40,000, ejan (wakilin jam'iyya) biyu kowace, mutum 80,000 ke nan. A ce sidi 200 kowanne na abinci da mota da katin waya, miliyan 16 a yini guda, ban da horo. Ejan zai iso kafin ƙarfe bakwai, ya rubuta lambobin littattafan ƙuri'a da na hatimin akwati, ƙarfe biyar in an rufe ya gwada adadin da na'urar tantancewa ta nuna da abin da ke cikin akwati, ya tsaya a kan kowace ƙuri'ar da za a ce ta lalace, ya karanta takardar sakamako kafin ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto ya tura, sannan ya bi akwatin har wurin tattarawa na mazaɓa. Inda ake cin mutane: ejan da bai iya lissafi ba, ejan da aka sa ya sa hannu tun rana kafin a ƙirga, da wanda yunwa ta kora da la'asar.

Kada a raina lalatattun ƙuri'u. A zagayen farko na 2008 sun haura 200,000, alhali tazarar ƙarshe bayan zaɓen mazaɓar Tain, wadda ta kaɗa a ƙarshe, wajen 40,000 ce. Yawanci tawadar yatsa ce ke shafar wani gurbi wajen naɗe takarda, abin da horon minti biyar a masallaci ko coci zai magance.

NPP ta koyi wannan a shari'ar 2012, wata takwas ana jujjuya takardun rumfa a Kotun Ƙoli har hukuncin 29 ga Agusta 2013. A 2016 ta kafa nata wurin tattara sakamako, ta san adadinta kafin hukuma ta yi magana. NDC kuwa ta je kotu a kan 2020 ba tare da ta ajiye nata jimillar a gaban alƙalai ba, aka kori ƙarar baki ɗaya a Maris 2021.

Danjuma Alabar: Wato dai mun dawo kan kuɗin da na faɗa.

Hajiya Memuna Tafo: Kuɗi ne, amma ka ga inda ya kamata su tafi. Da ni ce a kwamitin tantancewa, kowane mai neman tuta sai ya kawo sunayen ejan ɗinsa na mazaɓu ashirin da za mu zaɓa masa a gidan abokin hamayya, da lambobin wayarsu, a kira su a gabansa. Na NDC a ba shi Bantama da Manhyia da Suame, na NPP a ba shi Ketu ta Kudu da Ho.

Malam Issaka: A ƙara da cewa kwamitin ne zai zaɓi mazaɓun a ranar, kada a sanar da shi tun mako guda, in ba haka ba zai yi hayar sunaye.